Ni Na Yi Muryar Mai Lema

"Ba zan faɗa ba, Gwaggo."

Wayar tana daf da bakina har ina jin warin man kaɗanyar da ke hannunta. Gwaggo Tasallah, yayar Babana, ta riga ta danna wurin ɗaukar murya, jan ɗigon nan yana ta ƙyaftawa yana jirana.

"Mi kinka ce?"

"Na ce ba zan faɗa ba."

"Ke wagga ɗiya! Magana guda ta hwa. 'Ni Amatullahi, ba muryata ba ta, ta Mashkura ta.' Shi ke nan. Ko sai an juya miki shi da Hwaransanci kana ki iya?"

Inna tana bakin murhu tana dama kunun da ya riga ya damu tun ɗazu. Baba yana zaune kan tabarma a gindin darbejiya, kwandunan bandar kifinsa jere a bayansa, kansa a ƙasa. Babu wanda ya karya a gidanmu ranar. Daga waje kuwa ƙarar mashin ce ke shigowa, irin wadda ake murɗa wa wuta a tsaye ba tare da an je ko'ina ba.

Na san wasunku da ke karanta wannan a waya har sun fara cewa yarinyar nan ta cika taurin kai. Na ji, ba yau aka fara gaya min ba. Amma ku bari in gaya muku abin da aka ce in ƙaryata tukuna.

Ina ƙarama, duk hutun makaranta Inna takan kai ni garinsu, Sagbana, can cikin Benin, gidan Kawuna. Akwai wata tsohuwar talabijin da ake haɗa wa batirin mota, da wani faifai da bangonsa ya yage har ba a san sunansa ba. Mu yara muka sa masa Fim ɗin Tukunya. Tsohon katun ne na ƙasar Japan, irin wanda aka zana da hannu tun kafin a haife ni, aka ɗora masa maganar Faransanci. Labarin wani ƙauye ne a kan dutse da ke da wata ƙatuwar tukunya da duk gari ke dafa abincin biki a ciki. Sai wani gajeren attajiri, wanda bayi ke riƙe wa wata shirgegiyar lema ko a cikin ɗaki, ya sa aka sace ta, don an ce masa gindinta zinariya ne. Maza duk suka noƙe. Wata tsohuwa mai haƙori ɗaya da jikarta matsoraciya su suka bi sawu, cikin wata ruɓaɓɓiyar mota mai ƙafa uku.

Wallahi ban san yadda zan kwatanta muku shi ba. Akwai wurin da motar ta ƙwace tana gangarowa daga kan dutse, ƙofa ta fita, fitila ta fita, jikar tana ihu har majina, ita kuwa tsohuwar hankalinta duk yana kan kwanon taliyarta, tana karkata shi dama da hagu kada romon ya zube. Mukan yi dariya har Mashkura, 'yar Kawu, ta faɗo daga kan benci. Akwai kuma wurin da ruwan sama ya tsare su a ƙarƙashin wata rumfa. Babu mai magana, babu kiɗa, ruwa kawai ke ɗiga daga bakin rufi, tsohuwar ta zare mayafinta ta yafa wa yarinyar ba tare da ta dube ta ba. Ko a lokacin, da ban san komai ba, nakan bar dariya in zuba ido a wurin nan. Mutanen da suka zana shi sun zauna sun kalli ruwan sama da kyau kafin su ɗauki alƙalami.

Don in ji abin da tsohuwar nan ke cewa na karanta Faransanci. Ban taɓa gaya wa Baba wannan ba, shi a zatonsa don aikin kan iyaka ne. Na gama kwalejin horon malamai da sakamakon da babu macen da ta taɓa kawo irinsa unguwarmu, na samu koyarwa a wata makarantar kuɗi a nan Bagudo. Da na samu fim ɗin a waya, sai na ce yaran ajina ma sai sun ji abin da na ji. Na zauna na fassara shi da Hausa, ni kaɗai, kowace murya. Ranakun da babu makaranta, in gida ya yi shiru da hantsi sai in shige tsakanin katifun Inna da ke jingine a bango don kada murya ta yi amo. Zakaranmu ya ɓata min aiki ba adadi.

Kun dai san yadda masu fassarar fim ke yi a ƙasar nan. Ba a barin mutanen ciki su zama baƙi, sai an ba su bakin gida da sunayen unguwa. Tsohuwar na ba ta bakin Gwaggo Tasallah sak, ita kaɗai ce a Bagudo ba ta gane ba har yau. Mai Lema kuwa, Allah Ya yafe min, na ba shi gyaran muryar Alhaji Namadi.

Alhaji Namadi shi ne uban 'yan fito na yankinmu. Duk mashin ɗin da ke ɗaukar jarkar mai ya tsallaka Benin, ko ya dawo da buhun shinkafa ta daji, da saninsa yake tafiya. Ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya. In zai gama da mutum sai ya yi gyaran murya a hankali ya ce, "Yaro, ka ci abinci?" Duk wanda aka yi wa tambayar nan ya san nasa ya ƙare. Ita na sa a bakin Mai Lema duk lokacin da zai jefa wani bawansa cikin teku.

Shi ne kuma wan mahaifin Haliru, shi ya rene shi. Haliru kuwa ni na zaɓe shi da kaina, babu wanda ya ce min ga shi. An sa mana rana bayan babbar salla, akwatunan lefe suna ɗakina, Inna ta lulluɓe su da zanin gado saboda ƙura.

Da a kwaikwayon murya abin ya tsaya, da da sauƙi. Akwai wurin da ɓarayin tukunya za su kauce wa shingen dogarai, babbansu ya ce su bi hagu. Ni kuwa gwanar fassara, hagu ta yi min lami. Sai na ce, "Ku bi ta bayan tsohuwar maƙabarta, ku gangara mashigar Kuka Uku, ruwan bai kai gwiwa ba!" Haka Haliru ya taɓa faɗa min a wurin zance, yana min burgar yadda yaransa ke wucewa a bar jami'ai suna gadin titi. Ni daɗin sunan kawai na ji a baki. Ban taɓa kawo wa raina cewa hanyar cin abincin mutane ce na ɗauka na sa a bakin katun ba.

Kafin in kai wa yaran ajina, Haliru kaɗai na tura wa. Ya yi dariya har ya kira ni yana tari. Ya kunna wa abokansa a majalisa, wani ya ce a tura masa, daga nan sai masu tura finafinai na bakin tasha suka samu. Kafin in farga, yara na bin motar Alhaji a guje suna "Ka ci abinci? Ka ci abinci?" Su ma jami'an da ke zaune a shinge suna da wayoyi, kuma zaman shinge akwai gundura. Wata safiya 'yan fito suka gangara Kuka Uku suka tarar ana jiransu. Aka kwashe mashina da kaya, aka kama waɗanda aka kama. Wani mai suna Abu ya faɗa rami garin gudu, ƙafarsa ta karye.

Tun ranar ban ƙara cin abinci ya zauna min ba. Mai makarantarmu ya kira ni ya ce in ɗan huta a gida tukuna, yana magana yana leƙen taga. Mashina suka fara tsayawa a gaban gidanmu. Ba sa sallama, ba sa zagi, su dai tsaya su yi ta murɗa wuta, su tafi, wasu su zo. Wata baƙuwar lamba ta turo min hoton ƙofar gidanmu, an ɗauka daga tsallaken titi, har da takalmin Baba a bakin zaure. Babu rubutu ko ɗaya a ƙasa. Na goge, aka sake turowa.

Dabarar Mashkura kuwa Gwaggo ce ta kawo ta. Muryarmu ɗaya da Mashkura, ko Inna takan ruɗe a waya. Ita ma tana jin Faransanci, kuma 'yar can ce, kowa zai yarda ta san hanyoyin daji.

"Tana wata ƙasa," in ji Gwaggo, ta sake turo min wayar. "Wa za ya taɓa ta can?"

"Gwaggo, sau nawa yaran Alhaji ke shiga Sagbana a yini? Mijinta ma kayan wa yake ɗauka? Ga ta da tsohon ciki."

"To ke da ba ki da ciki, aure kike da shi a gaba! Ko an hwaɗa miki ana tsintar irin Haliru bisa titi? Boko dai, boko dai. Lauwali, ka yi magana mana, ɗiyarka ta!"

Baba ya ɗago. Idonsa ya yi ja, ba na fushi ba.

"Amatu," ya ce, "kifin ga duka mashinansu ka kai shi kasuwa. Ban ce ki yi ƙarya ba. Ban kuma ce kar ki yi ba. Ni dai ban san abin da zan ce ba."

Da ya daka min tsawa da ya fi min sauƙi. Na shige ɗaki na zauna a ƙasa, na jingina da akwatunan. Saƙonnin Haliru sun taru.

"Amatu don Allah ki yi yadda Gwaggo ta ce."

"Kina gani kina shiru."

"In kika ce ke ce, tambaya ta gaba wa ya gaya miki hanyar. Kin san shi. Kin san abin da zai min."

Na rubuta, "Ba zan ambaci sunanka ba ko za a yanka ni."

"Ba ki san shi ba ke nan. Shi ba ya yanka. Jira yake yi."

"Mashkura fa? In suka je mata?"

Na ga alamar yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Can sai ga shi: "Alhaji ya ce ku zo ke da Babanki bayan azahar."

Ban san tsawon zaman da na yi ina kallon saƙon nan ba. Amma da aka kira salla na yi wanka, na buɗe tsohuwar jakata, ban taɓa akwatin lefe ba. Na sa atamfata ruwan goro wadda na ɗinka da albashina na fari, na ɗora shuɗin hijabi mai guga, na sa baƙin takalmin da nake shiga aji da shi. Har kwalli na sa. In za a wulaƙanta ni, ba za a same ni a yamutse ba. Inna ta tare ni a bakin ƙofa da kofin ruwan da ta yi wa tofi, ta shafa min a fuska, ta ba ni saura na sha. Ba ta ce min in faɗa ko kar in faɗa ba. Mashkura 'yar ɗan'uwanta ce, ni kuma 'yarta. Ta dai riƙe hannuna ta daɗe kafin ta saki.

A ƙasa muka tafi. Duk ɗan acaɓan da Baba ya ɗaga wa hannu sai ya kau da kai kamar an kira shi daga wancan gefen. Mai shayi ya bar zuba shayi, masu faci suka miƙe tsaye. Ina jin idanu a bayana kamar ana ɗiga min ruwan zafi.

Tsakar gidan Alhaji warin fetur yake, jarkoki tsibi guda a ƙarƙashin rumfar kwano. Falon kuwa sanyi ƙalau, labule a sauke, kafet mai laushi har ƙafa na nutsewa. 'Yan fito sun zauna a jere a jikin bango, har da wan Abu, wanda bai ɗauke ido daga kaina ba tun da na shiga. Alhaji yana kan kujera cikin farar shadda, ɗan siriri da shi, ƙafa ɗaya a naɗe. Haliru yana tsaye a bayansa riƙe da wayoyinsa. Ya sa shuɗiyar rigar da na taɓa ce masa tana masa kyau. Bai dube ni ba.

Muka durƙusa muka gaishe shi. Ya amsa wa Baba da fara'a, ya tambayi kasuwa, ya tambayi ruwan kogi bana. Sannan ya miƙa hannu baya, Haliru ya sa masa waya. Ya latsa.

Muryata ta cika falon. Wurin gangarowar motar ne. Tsohuwa na cewa, da bakin Gwaggo, "Ke rabu da ni da kuka, romo na za ya zube!" Alhaji ya yi dariya har kafaɗunsa na motsi. Shi kaɗai.

"Wagga tsohuwa ta burge ni," ya ce. "Na kalle shi har ƙarshe, na koma na maimaita. Mutanen ga sun iya zane. Wurin da ruwa ya tsare su, kamar ka miƙa hannu ka jiƙe. Kuma da anka maido tukunyar, anka zuba ma gajeren nan nashi kwano shi ma, na ce kai, waɗanga sun san duniya."

Ban san lokacin da na ce, "Nan ne ya fi min daɗi ni ma," ba. Baba ya juyo ya dube ni kamar na zauce.

Alhaji ya kashe wayar ya kife ta a cinyarsa. Ya yi gyaran murya, a hankali.

"Ɗiyata, kin ci abinci?"

Na ji fankar sama tana juyawa. Na ji wani a jikin bango ya haɗiye yawu.

"Ban ci ba, Alhaji."

"Ayya. To mu gama da wuri. An ce min muryar ga ta wata ɗiya ta can Sagbana, ɗiyar kawunki. In haka na, ki hwaɗi gaban mutanen ga, ki tashi ki tahi gida ki ci gaba da shirin bikinki. Sauran ni da su na."

Da maganar nan ya buɗe min ƙofa har bango. Na ga yatsun Haliru sun damƙe bayan kujerar. Na tuna Mashkura yadda na bar ta da ƙaramar salla, ƙafafunta a kumbure, tana tankaɗe a tsakar gidan da ko ƙyaure babu.

"Tawa ce, Alhaji. Tsohuwar ni ce, yarinyar ni ce. Mai Lema ma ni ce."

Baba ya ce, "Innalillahi," can ƙasa.

"Awo?" in ji Alhaji. "To yi mu ji."

"Na'am?"

"Mai Lema. Yi shi nan gabana, in tabbata."

Na dubi kafet, na dubi ƙafarsa. Sannan na ce a raina, aikin da na sha zafin katifa a kansa ne, ba zan yi shi rabi-rabi don tsoro ba. Na ɗaga kai, na yi gyaran muryar nan tasa, na ja ta yadda yake ja.

"Yaro, ka ci abinci?"

Wani daga cikin 'yan fiton dariya ta kufce masa ta hanci, ya yi maza ya mayar da ita tari. Alhaji bai juya ba. Murmushi yake, amma idonsa bai yi ba.

"Ke ta," ya ce. "Babu shakka. To wanga na yahe. Yara sun bi motata, gobe su bi ta wani. Saura Kuka Uku."

"Alhaji, wannan kuskurena ne, kuma ina neman gafara. Wallahi ban san abin da zai jawo ba. Ina neman gafarar Abu da iyalinsa, da duk wanda aka kama."

"Gahwara ba ta ɗora ƙahwa," wan Abu ya faɗa daga bango.

Alhaji ya ɗaga yatsa ɗaya, wan Abu ya yi tsit.

"Malamar makaranta ba ta san mashiga ba sai an hwaɗa mata. Ba ki taɓa taka wurin ba. Cikin mutanena akwai mai kai hanyata wurin hira. Shi nike so. Wa na?"

Yana bayanka, riƙe da wayoyinka. Kalmomin har sun hau harshena, don a lokacin haushin Haliru nake ji kamar in mutu. Yana tsaye ƙato da shi, ya bar ni durƙushe. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa, "Ni ne, Baba." Na ba shi lokaci. Na ƙirga numfashina ina jira. Abin da na ji kawai ƙarar fanka.

"Wannan kam ba zai fito daga bakina ba, Alhaji."

"Ko don auren?"

"Ko don shi."

Ya gyaɗa kai a hankali kamar wanda aka gaya wa farashin da ya riga ya sani.

"Malam Lauwali, ka haihu. Da namiji ta, da na ba ta mashin goma ta riƙe min. Amma ba a kawo min bakin da ka ɓoye min magana cikin gida. Mata za su zo ɗaukar kaya kahin magariba. Kihinka kuma ka nemi mai kai maka, yarana sun gaji." Ya ɗan karkata kai baya. "Haliru."

"Na'am, Baba."

"Kai ka san ta hiye da kowa. Kai za ka nemo min mutumin ga. Kar ka daɗe."

"To, Baba."

To, Baba. Da muryar nan da yake ce min Amatuna.

Ban tuna yadda muka iso gida ba. Na dai tuna Baba yana gaba ina baya, sai da muka zo zaure ya tsaya ya jira ni na fara shiga, abin da bai taɓa yi ba.

La'asar sakaliya matan suka zo da a-kori-kura. Ba su zauna ba, ba su sha ruwan da Inna ta kawo ba. Suka yaye zanin gadon, suka buɗe akwatunan ɗaya bayan ɗaya a tsakar gida suna dubawa, maƙwabta na leƙe ta katanga. Leshi ɗaya na riga na kai ɗinki, wata ta ce a karɓo shi a wurin tela ko bai haɗa hannu ba. Gwaggo Tasallah ta zauna daɓas a ƙasa tana kuka tana kiran sunana da na boko tare. Da motar ta tashi, ɗakina ya koma fili, sai shatin akwatunan a kan leda.

Na kira Mashkura don kawai in ji muryarta. Ta ce ƙafar ta ɗan saɓe, ta tambaye ni wane launi za su yi anko. Na ce zan gaya mata. Ba ta san komai ba, kuma ba za ta sani daga gare ni ba.

Ina ajiye wayar ta yi haske. Haliru.

"Ina ƙofar gida. An aiko ni in tambaye ki."

Na leƙa ta tagar zaure. Yana zaune kan mashin ɗinsa a inda ya saba tsayawa in ya zo zance, kansa a sunkuye. A tsallaken titi wan Abu ne da wasu biyu, sun kashe injin, sun naɗe hannu suna kallonsa.

Ga abin da tsayuwata ta ci min, ba ƙari ba ragi. Aurena ya tafi a bayan a-kori-kura. Ajina yana hannun wata. Kifin Baba yana nan jibge a gindin darbejiya, ƙuda sun fara samunsa, kuma babu mashin ɗin da zai ɗauka daga nan har Lolo ta kan iyaka. Mutumin da na yi wa shirun kuwa ga shi can a waje, yana jira in sa hijabi in fito ya tambaye ni sunan wanda ya gaya min hanya.